Gona ta yi tsada, manomi bai yi arziki ba

Assalamu alaikum ƴan'uwa.

Akwai wata magana da ta yi yawa a bakin mutane cikin ƴan shekarun nan, a majalisa, a tasha, har a bakin waɗanda suka yi karatu mai zurfi: wai mutanen ƙauye sun ji daɗi, tunda yanzu gona kuɗi ce. Duk mai ɗan fili a wajen Jiratawa ko kan hanyar Ɗan Isa, in ji su, mai kuɗi ne yana zaune bai sani ba. Ni ban yarda da wannan magana ba ko kaɗan. Tsadar da ƙasar noma take yi a jihar Maraɗi ba arzikin manomi ba ne. Ta nan ne gona take fita daga hannun masu nomanta, kuma idan ta fita ba ta dawowa.

Kowa ya san mun yi yawa. A ƙidayar 2012 an samu mutum kusan miliyan 3 da dubu 400 a jihar nan, kuma mafi yawanmu muna cunkushe ne a kudu: Madarumfa, Gidan Rumji, Agye, Tasawa. Ƙidayar ta nuna jama'ar Nijar na ƙaruwa da kashi 3.9 cikin 100 kowace shekara, wato kafin shekara 20 mun ninka. Ƙasa kuwa tana nan yadda Allah ya shimfiɗa ta. A kudu iyakar Najeriya ce. A arewa, dokar 1961 ta ja layi ta ce daga nan wurin kiwo ne, kuma ko wannan layin gonaki sun daɗe da tsallake shi a wajen kwarin Tarka. Kakanninmu suna barin gona ta huta shekaru, su je su sari sabon daji. Yau wa ke da saura a Safo ko Tibiri? Mu ɗauka dattijo ya bar hekta 12 da ƴaƴa maza shida, kowa ya samu biyu. Idan kowannensu ya bar shida, jika zai tashi da sulusin hekta, tun ma ba a fitar da rabon mata ba. Da wannan ake so ya ciyar da gida.

Amma yawan jama'a kaɗai bai isa ya bayyana irin kuɗin da ake faɗa yanzu ba. Da a ce manomi ne ke saye daga hannun manomi, farashin ba zai wuce abin da gonar ke iya bayarwa ba, domin mai sayen zai lissafa damin hatsi nawa, buhun wake nawa, shekara nawa kafin kuɗinsa su fito. Masu sayen yau ba sa wannan lissafi. Ƴan kasuwa ne, manyan ma'aikata ne, ƴan siyasa ne, mutanen da kuɗinsu ba daga gona suka fito ba kuma ba sa jiran damina ta biya su. Ɗan kasuwar Maraɗi ya ga yadda aka rufe iyakar Najeriya a 2019, ya ga an sake rufewa bayan juyin mulkin 2023, ya ga yadda naira ta zube a hannunsa. Ya gane kaya na iya tsayawa a kan iyaka wata da watanni, kuɗi na iya narkewa, amma fili ba ya ruɓewa, ba a sace shi, ba ya cin abinci. Sai ya zuba a ƙasa. Wani kuma yana hangen ranar da gari zai iso, a yanka gonar fegi-fegi a sayar. Tun da aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi a 2021, dillalai suka ƙara samun abin faɗa: saya yanzu Alhaji, jirgi na nan tafe. Ga masu noman aya da yawa, waɗanda ke neman jigawa mai faɗi kuma suna da ƙarfin zuba takin zamani. Idan irin waɗannan suka taya gona, ɗan ƙauyen da ke maƙwabtaka da ita ba shi da bakin magana. Ko damina goma ta yi masa kyau a jere, ba zai tara kuɗin ba.

To su wa ke sayarwa? Nan ne abin ke ci mini rai. Ban taɓa ganin manomi ya sayar da gonar gado don daɗi ba. Ciwo ne, ko rumbu ya ƙare tun kafin a yi shuka, ko auren ɗiya ya matso, ko kuma wannan sabuwar masifa ta ƴan bindiga a yankin Madarumfa da Gidan Rumji, inda ake ɗauke mutum a ce a kawo kuɗin fansa. Waɗanda suka ga yunwar 2005 sun san gonaki nawa suka canza hannu a shekarar, kuma sun san a hannun wa suke har yau.

Bara da bazara aka kira ni shaida a wani ciniki a ƙauyenmu. Dattijo ne, matarsa na kwance a likita a birni ana jiran kuɗin aiki. Mai sayen bai ma zo ba, yaronsa ya aiko da dillali, kuɗin a cikin baƙar leda, ƴan jika goma-goma ɗaure da roba. Muka taka iyaka muna bin kututturen gamba, daga wani babban gawo har bakin hanyar amalanke. Dattijon yana tafe yana nunawa da sanda, bai ɗaga kai ba. Ƙaramin ɗansa ya matso ya ce masa a hankali, "Baba, a ba mu mako guda mana, in kira Yaya a Agadas ko zai haɗa wani abu." Ya ce, "Ciwon uwarka ba ya jiran mako." Aka ƙirga, aka shafa fatiha. Kafin ruwa ya sauka an kakkafa turakun siminti masu jan fenti a kusurwa huɗu. Da damina na bi ta wurin, na tarar da yaron nan cikin ƴan barema yana noma a gonar da aka haife shi ana nomawa, ana biyansa da yamma. Kuɗin cinikin kuwa likita da magani da bashin hatsi sun cinye su kafin kaka. Wannan ne mutumin da ake cewa ya ji daɗin tsadar gona.

Waɗanda suka fara rasawa mata ne, kuma ba a cika faɗa ba. Iyayenmu mata suna da gamanarsu. Mai gida ya yanka wa mace wani yanki, bayan aikin gandu ta je ta shuka gyaɗa ko wake ko riɗi, abin da ta samu nata ne: ta sayi jar akuya, ta yi wa ɗiyarta kayan ɗaki, ta rufa wa gida asiri idan rumbun gandu ya yi ƙasa. Da ƙasa ta ƙuntata, gamanar mace aka fara karɓewa. Wasu mazan ma sai su lulluɓe abin da addini, su ce ai hutar da ita suka yi. Idan addini ne, to addinin nan ya ba ɗiya rabin rabon ɗa namiji, ya ba matar mamaci tumuni idan akwai ƴaƴa. Me ya sa idan aka zo rabon gona sai a ce wa mace ta bar nata a hannun yayyenta, ko a ba ta ɗan kuɗin da bai kai ba, a ce an fanshe? Da gona ba ta da tsada ana yi mata kawaici. Yanzu da ta yi kuɗi, ƴan'uwa ciki ɗaya sun daina gaisawa a kanta, kuma zauren sarki da kotu sun cika da shari'ar gado.

Aro ma ya mutu. Da, baƙo ya sauka a gari, mai gari ya nuna masa inda zai noma, da kaka ya kawo dami ɗaya na godiya. Yanzu kowa tsoron aro yake, kada gobe mai aron ya ce tasa ce. Sai haya, kuɗi a hannu. Jingina kuma ta zama sayarwar da ba a kira ta da sunanta ba: ka karɓi kuɗi, ka kasa fansa, ka dawo a ƙara maka, a sake ƙarawa, ranar da aka haɗa lissafi a ce ai gona ta tafi.

Kuma matsin ba ya tsayawa a kan manomi. Wanda ya rasa gona burtali yake ci, ko makiyaya, ko bakin dajin Baban Rafi. Makiyayi ya taso da dabbobinsa ya tarar an shuke hanyar da ubansa ke bi zuwa mashaya. Mu mutanen Maraɗi ba ma bukatar a ba mu labarin inda wannan ke kaiwa. Rikicin manoma da makiyaya da ya faru a ƙauyen Toda a 1991, inda aka kashe sama da mutum 100, mafi yawansu mata da yara, a jiharmu ya faru.

Wani zai ce, mutum da dukiyarsa, ya ga dama ya sayar, ciniki halal ne. Gaskiya ne, ban ce haramun ba ne. Ban kuma ce duk mai kuɗin da ya sayi gona azzalumi ba ne. Akwai waɗanda suka haƙa rijiyoyi a fadamar Gulbin Maraɗi, suka shuka zogale da mangwaro, matasa na samun aiki rani da damina, Allah ya ƙara musu. Wanda nake magana a kansa shi ne mai sayen gona ya kafa turaku ya tafi, ba ya noma, ba ya ba da haya, yana jiran farashi, alhali ƙauyen da ke gefenta na awon hatsi tiya-tiya. Kuma a tuna wa ya raya wannan ƙasa. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984 jigawarmu ta kusa zama fako. Manoma ne suka rungumi sassabin zamani, wanda wani masanin noma ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya fara yaɗawa a nan Maraɗi a 1983, suka riƙa barin tohon gawo da kalgo da sabara a gonakinsu suna gyarawa, har aka farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 tsakanin Maraɗi da Damagaram. Gumin talaka ne ya mayar da ƙasar abin so, sai ga shi shi ne ake fitarwa daga cikinta.

Doka muna da ita. Tun 2 ga Maris 1993 aka kafa ƙa'idojin dokar karkara, wadda ta amince da mallakar gargajiya daidai da ta takarda, aka kuma kafa kwamitocin filaye, Kofo, a matakin gunduma da komin da ƙauye. Na ƙauye mai gari ne ke shugabanta, da wakilan manoma da makiyaya da mata da matasa. Suna ba da takardar gado, ta saye, ta kyauta, ta aro, ta haya, ta jingina. Matsalar ita ce mai saye ne ke rugawa ya yi takarda, mai gado kuwa yana zaune yana cewa kowa ya san gonar ubana ce. Dattawan da suka sani suna ƙarewa.

Don haka ina roƙon ƴan'uwana na ƙauye, ku je ku yi wa gonakinku takarda tun babu rigima, a rubuta rabon mata da sunansu. Idan matsi ya zo, a fara da haya ta shekara biyu ko uku, a rubuce, da ranar ƙarewa. Idan jingina ce, a rubuta adadin kuɗin, a kuma rubuta cewa ƙari ba ya mayar da ita saye. Masu gari da limamai, kada ku sa hannu a cinikin gonar gado sai duk magada sun zo, mata da maza, kuma an fara tayawa dangi da maƙwabta. Hukumomin komin su daina yanka fegi a fadama, ga tudu nan. A farfaɗo da bankunan cimaka, a ƙarfafa asusun Mata Masu Dubara da aka fara a jihar nan tun 1991, domin mutumin da ke da inda zai ranci kuɗin magani da bazara ba ya kiran dillali.

Mu kuma da muke birni muna da albashi ko shago, idan kawu ya bugo waya ya ce yana neman mai sayen gonarsa, mu fara tambayarsa nawa ne bukatar. Sau da yawa za ka tarar abin da ya tashe shi bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin gonar ba, kuma mutum uku ko huɗu a dangi za su iya haɗa shi a yini guda.