Giwan ruwan Kawu da memorin bogi

Saura kwana biyu a faɗa ruwa a kogin Matan Fada, Kawu ya aika a kira ni. Ya daɗe yana shiga gasar kamun kifi ta Argungu da gorarsa da homarsa, kuma duk shekara labarinsa ɗaya ne: ya rungumi giwan ruwa, ta kuɓuce. Bana dai ya ce ya gaji da dariyar mutanen gida, shaida yake so.

"Kai da ke ɗaukar biki," in ji shi, "wagga 'yar kyamara taka da ba ta tsoron ruwa, ita za ka ɗaura min ga goshi."

Kyamarar kam ina da ita, irin ƙananan nan da masu tseren babur ke maƙalawa a hular kwano. Memori ne babu. Sai na zaro na tsohuwar wayata, mai lamba 4 a cikin da'ira, wanda ya shekara biyar yana dakon wa'azi. Na saita 4K, wato bidiyo mai tsananin tsabtar hoto, na danna. Ko minti ɗaya ba a yi ba ta tsaya cak, ta rubuto cewa kati ya samu matsala.

Laifina ne, don na san lissafin. Kyamarar tana zubo megabit 100 a kowace daƙiƙa. Ka raba da takwas, megabait 12.5 ke nan dole katin ya haɗiye ba tare da ya ƙware ba. Lamba 4 ɗin nan alkawarin megabait 4 ne kacal. Ko mai lamba 10, ko mai 1 a cikin harafin U, iyakar alkawarinsa megabait 10 ne. Abin da ake nema shi ne V30, ko 3 a cikin U, duk biyun suna nufin ba zai gaza megabait 30 ba. Shi kuwa 100MB/s da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a jikin kwali, galibi saurin karantawa ne, wato lokacin kwashe bidiyo zuwa kwamfuta. A1 da A2 kuma na masu zuba manhajoji a waya ne, ba ruwan kyamara da su.

Da duk wannan ilimin a kaina na shiga kasuwa, na tsaya gaban wani mai teburin kayan waya. Ya ɗago wani kati.

"Ranka ya daɗe, wanga 256 ne. Ga V30 ɗinka nan rubuce. Ko jikokinka ba su cika shi."

Kuɗin da ya faɗa bai kai na mai gigabait 64 na asali ba. Rubutun jikin katin ma ya ɗan dusashe, kamar an buga shi da sauran tawada. Na gani sarai. Amma araha ta riga ta rufe min ido, har ragi na nema, ya kuwa yi min nan take. Wannan saurin amincewar kaɗai ya isa ya sa in ajiye katin in gudu.

Da dare na sa shi a kyamara, na yi masa fomat a cikinta kamar yadda ya kamata, ba a waya ba. Ta nuna akwai wurin ɗaukar sama da awa biyar. Muka yi gwaji a tsakar gida: Kawu ya ɗaura ta, ya zagaya turken awaki, ya leƙa madafa Inna ta kore shi, sannan ya cire ta ya ƙura mata ido yana tambaya ko tana ganinsa. Minti goma cif. Na kunna, hoto tangaram. Na kwanta ina yaba wa kaina.

Ranar gasa aka ba da alama, dubban masunta suka ruga cikin kogi, Kawu na tsakiyarsu da jar fitila tana ƙyaftawa a goshinsa. Bayan kamar awa ɗaya ya fito jiƙe sharkaf, hannu wayam, amma baki har kunne.

"Ta sake kuɓucewa, ɗana. Amma bana kyamara ta gani!"

A gida jama'a suka kewaye kwamfutata. Fayilolin suna nan jere, kowane da sunansa da nauyinsa. Na danna na farko cikin na kogi, bai buɗe ba. Na biyu haka. Na canza manhajar kallo, na canza abin karanta kati, na yi ta salati. Abin da ya buɗe kawai shi ne awaki, da muciyar Inna, da ƙofofin hancin Kawu a 4K, har gashin ciki ana ƙirgawa.

Sai a lokacin na yi abin da ya kamata in yi tun ranar farko. Na kwashe abin da ya tsira, na sa katin a H2testw, wata 'yar manhaja ta kyauta da ke cika kati maƙil da bayanai, sannan ta koma ta karanta su ɗaya bayan ɗaya. Masu Mac ko Linux F3 suke amfani da ita. Ta kwana tana aiki. Da safe sakamako ya fito: gigabait bakwai da 'yan kai ne lafiyayyu, saura duk iska. Kati ne mai 8 aka sauya masa bayanan ciki yake cewa shi 256 ne. A megabait 750 duk minti, gwajin da muka yi a tsakar gida shi ya cinye shi tas. Daga nan kyamara ta yi ta zuba ruwa a kwando, katin yana ce mata na'am. Shi ya sa gwajin minti biyar ko goma ba ya tona asirin na bogi, sai an cika shi har wuya. Kuma abin da ba a taɓa rubutawa ba, babu manhajar da za ta dawo da shi.

Na koma kasuwa, na tarar da mai sayar da rake a wurin teburin.

Yanzu na sayi guda biyu masu 128, V30, a shago mai ba da rasit, kuma na gwada su kafin in yar da kwalin. Kowane yana nuna kusan gigabait 119, wannan ba cuta ba ce, bambancin ƙirga ne tsakanin kamfani da kwamfuta. Awa ɗaya ta 4K tana cin gigabait 45, don haka kowane zai kai awa biyu da rabi. Na fi son biyu a kan babba ɗaya, in ɗaya ya faɗa kogi ba a yi biyu babu ba.

Abin da ya ba ni mamaki, Kawu ko faɗa bai yi min ba. Ranar gasa kifin tsawon hannunsa ne. Da Juma'a ta zagayo ya kai tsawon mutum. Jiya na ji shi a majalisa yana cewa sai da ya ture kwalekwale biyu da wutsiya, duk mai musu ya tambaye ni, ni na ɓatar da shaidar.

Na kai masa sababbin katunan, na ce baɗi in Allah ya kai mu ba za a samu matsala ba. Ya jujjuya su a tafin hannu, ya miƙo min.

"Bar shi, ɗana. Wanga maɗauri ciwon kai yake sa ni."