Karatun da muke kira tsalle-tsalle

Yammacin Lahadi a wani filin ƙwallo na jar ƙasa a Aboabo, nan Kumasi, wani yaro ya dira a ƙafa ɗaya, gwiwarsa ta karkata ciki, ya faɗi. Kafin ka ce kwabo mutum uku sun riƙe ƙafar za su ja, irin yadda ake yi wa targaɗe. Sai wani matashi ɗan zango, da ke digiri na biyu a kimiyyar motsin jiki, ya ce, "Baaba, don Allah ku dakata." Ya lanƙwasa gwiwar kaɗan, kamar digiri 20 zuwa 30, hannu ɗaya ya danne cinya, ɗayan ya jawo ƙashin ƙwauri gaba. Ƙashin ya taho babu abin da ya tare shi. Alama ce ta tsinkewar jijiyar da ke cikin gwiwa, wadda hoton ƙashi ba ya nunawa sai hoton na'urar MRI. Ya sa aka naɗe ƙanƙara a tsumma aka ɗora minti 15, ya ce a wuce asibitin Komfo Anokye. Dattijai suka bi maganar yaro, ba gardama.

'Yan uwa na gida, da a unguwanninmu ne kun san gidan wa za a nufa. Ban raina masu ɗori ba, sun tsayar da mutane da yawa. Amma jijiya ba ƙashi ba ce, kara da zare ba sa haɗa ta, kuma wanda aka yi wa aiki ma sai ya yi wajen wata tara yana atisaye kafin ya koma fili.

Karatun nan ba busa usur ba ne. Digiri na biyun, wato MPhil, a Ghana shekara biyu ne: ta farko aji, inda ake bin ƙashi da tsoka, lissafin ƙarfin da ke sauka kan gaɓa, aikin zuciya da huhu, da ƙididdiga, ta biyu bincike. A tafiyar lafiyayyen mutum, ƙafa na ƙasa kashi 60 cikin ɗari na kowane zagaye, tana sama kashi 40, daga nan ake gane ɗingishi tun ido bai gani ba. Ko babu ɗakin gwaji mai tsada ana aiki: waya mai ɗaukar hoto 240 a daƙiƙa, a kafe ta daidai gefen mai tafiya, a ajiye sanda mai tsawon mita ɗaya don awo, a buɗe a manhajar Kinovea, kyauta ce. Inda ɗalibai ke ɓata aiki shi ne manna alama a kan wando maimakon fata, ko karkatar da kyamara. Kusurwar gwiwar duk ta zama ƙarya.

Nan garin an san ciwon abin. Babban filin wasansu sunan Baba Yara yake ɗauke da shi, gwanin da hatsarin mota ya taɓa wa laka a 1963, bai sake taka leda ba har ya rasu a 1969. Jami'ar KNUST ta nan Kumasi kuma ta haɗa fisiyo, wato gashin ƙashi, da kimiyyar wasanni a sashe ɗaya. Mu ma ABU da BUK suna koyar da fannin, da malamai masu ilimi. Matsalar a gidajenmu take, inda uba zai ji ɗansa ya zaɓi fannin ya ce ya rasa abin karantawa sai tsalle-tsalle.

Kuma jikin da ya kamata a auna yana wurinmu. Ɗan dambe yana naushi da hannu ɗaya shekara da shekaru, kafaɗar nan me take ciki? Mai kurar ruwa yana tura jarka goma sha biyu, kilo 300 ke nan in masu lita 25 ne, a kan hanya mai rami. 'Yan dakon kasuwar Singa ta Kano, 'yan kokawa, matan da ke daka tun asuba. Har yaran da ke langa bayan isha'i da farin wata, da ƙafa ɗaya suke dira kamar yaron Aboabo, kuma rabon da in ji ihunsu an daɗe.