Man gyaran maza ya gyara min zama

Tunda na haura arba'in tumbi ya fara riga ni shiga ɗaki, ƙirji ma ya ɗan cicciko, irin wanda in ka cire riga gaban madubi sai ka waiga ko akwai mai kallo. Ana cikin haka ina danne-dannen waya talla ta faɗo min, wani ƙato ya murɗe dantse yana cewa wai ba laifinka bane ɗan'uwa, homon ɗinka ne, wato sinadarin da ke sarrafa jikinka, ya karkace, shafa kirim ɗin nan na ganye zalla ka ga aiki, har fata zai gyara maka. Wannan "ba laifinka bane" ɗin ita ta kashe min jiki. Na tura kuɗi.

Kar ku ce da ka na faɗa, sai da nayi bincike na. Sinadarin da ke ciki sunansa kiraisin, yana cikin dangin filabonoyid da tsirrai ke yi, ana samunsa a furen fasiflora da zuma da kuma furofolis, danƙon nan da ƙudan zuma ke liƙe gidansu da shi. A jikin namiji kuma akwai wani sinadari aromatez, aikinsa ya ɗebi testosteron, homon ɗin da aka fi sanin maza da shi, ya juya shi ya koma estrojin, homon ɗin da aka fi sanin mata da shi. Tun 1984 masu bincike suka ga kiraisin da 'yan uwansa suna taka wa aromatez ɗin burki a kwalbar gwaji. Matsalar in ka haɗiyi kiraisin hanji da hanta suke gamawa da shi, ɗan abin da ke isa jini bai taka kara ya karya ba, shine 'yan kasuwa suka ce to a bi ta fata. Bayanin ya zauna min daram, har lacca na fara yiwa abokai.

Takardar da ta zo da kirim ɗin ta ce a shafa inda fata ke da laushi, cikin dantse ko cinya. Ni kuma na ƙara da ƙirji da tumbi tunda nan ne hedikwatar matsalar. Abin ruwan ɗorawa ne, ga maiƙo ga wani ƙamshi zaƙi-zaƙi, a banɗaki nake ɓoye shi. Wallahi farko-farko ji nake na koma saurayi, tafiyata ta canza, matattakala bibbiyu nake hawa duk da sai na tsaya haki a sama.

Ranar wanki asiri ya tonu. Madam ta ɗago singiletina da yatsu biyu, ga tambari guda biyu rawaya shar daidai saitin ƙirji, ta ce "Abban yara zo nan, wannan meye? Kuma ƙamshin nan ba na gidan nan bane. Bilicin ka fara ko wata ce?" Na auna zargin guda biyu na ga gara in ɗauko robar. Ta karanta a bayyane, a hankali, tana zuwa "daidaita homon maza" ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya har da hawaye. Tana rantse min ba wanda zai ji, waya na hannunta tana neman lambar yayarta.

Sai kuma ƙaiƙayi. A tsakiyar mitin ya taso, cinya da dantse lokaci guda, na zura biro ƙarƙashin tebur ina sosawa ina gyaɗa kai kamar maganar oga ce take ratsa ni, har ya tsaya ya ce "Malam lafiya kake mutsu-mutsu haka?" Na ce kujerar ce ranka ya daɗe. Aka canza min kujera. Ban daina ba.

Likita na ganin jajayen ƙurajen da suka feso ya karɓi robar ya juya bayanta, ya ce furofolis ne, sananne ne wajen tayar wa wasu mutane borin fata. Ya sa na dawo da sassafe a ɗebi jini don lokacin testosteron yake sama, sakamako ya fito, nawa lafiyarsa ƙalau. Na ce to amma likita binciken 1984 fa? Ya ce kwalbar gwaji daban mutum daban, a 2003 a Italiya an ba maza zuma da furofolis kwana 21 aka auna fitsarinsu, testosteron ko motsi bai yi ba, na shafawan kuma shi bai ga wata ƙwaƙƙwarar hujja ba. Wai ma namiji na buƙatar estrojin ɗinsa don ƙarfin ƙashi da sha'awa. Sannan ya nuna tumbina da biro, ba ko kunya, ya ce aromatez ɗin da kake yaƙi da shi a cikin kitse yake zaune, wannan ita ce masana'antar, ka fara tattaki.

Na fito na ɗauki hoton ƙurajen na turawa mai kirim, na rubuta masa doguwar wasiƙa mai zafi. Nan take ya amsa, wai barka Alhaji, ai guba ce take fita, alamar jikinka ya karɓa kenan, akwai mai ƙarfi biyu ya iso jiya, roba nawa za a ajiye maka?