"Ni Ba Haka Ƙwaƙwalwata Take Ba"

Jiya wani ƙanenmu da ya fara koyon rubuta manhajar kwamfuta ya ce da ni ya haƙura. Wai ya zauna ya yi nazarin kansa, ya gano shi da ido yake koyo, malamin kuwa sai rubutu da aikin gida. Abokansa har yaba masa suke, wai ya san kansa. Raina ya ɓaci, domin na gaji da jin wannan magana a bakin matasanmu.

Ƙannena, duba yadda kake tunani da yadda abu ke shiga kanka ba laifi ba ne, kowane ɗalibi na ƙwarai yana yi. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda kuka mai da shi mafakar lalaci. Wannan ya ce shi sai bidiyo, wancan ya ce shi sai an karanta masa ya saurara, wata ta ce ita lissafi ba jininta ba ne. Da darasi ya yi tsauri sai a ɗora wa ƙwaƙwalwa laifi a naɗe tabarma. To wa ya gaya muku akwai ilimin da ake samu ba a ji jiki ba? Kowa ya ci zomo ai ya ci gudu.

Wannan rabe-raben na mai koyo da ido, da mai koyo da kunne, da mai karatu, da mai taɓawa da hannu, wani malami ɗan ƙasar Niyu Zilan, Neil Fleming, ya tsara shi a 1987. A 2008 wani masanin ilimin halayyar ɗan Adam, Harold Pashler, da abokan aikinsa suka bi binciken da aka yi a kan irin wannan ra'ayi, ba su sami gamsasshiyar hujja cewa koyar da mutum ta hanyar da ya fi so na ƙara masa fahimta ba. Darasin ne ke zaɓar hanyarsa. Taswira da ido ake koyonta, furucin sabon harshe da kunne da baki, manhaja kuwa sai ka rubuta, ta ƙi aiki, ka sake.

Kuma jin daɗin darasi daban, iya shi daban. A 2006 wasu masana biyu, Roediger da Karpicke, sun gwada ɗalibai a Amurka: wasu suka yi ta maimaita karanta rubutu, wasu aka sa su rufe takarda su faɗo abin da suka tuna. Masu maimaicin sun fi amincewa da kansu, amma bayan mako guda masu wahalar tunowa ne suka fi riƙewa. Kai da ka kwana kallon bidiyo kana gyaɗa kai, rufe wayar ka bayyana wa wani abin da ka kalla mu gani. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ban ma taɓo masu ɗaukar hoton littafi su watsa a Facebook da "mun duƙufa", alhali shafi biyu ba su wuce ba, ko masu jiran daren jarrabawa su fafe gora ranar tafiya.

In da gaske kake son sanin kanka, tambayi kanka wurin da kake gudu in karatu ya yi zafi. Sau da yawa nan ne ya kamata ka tsaya.

Wallahi ina tausayinmu. Ɗaliban zamanin da, littafi ɗaya suke samu, wani lokacin ma na aro, su bi shi har gefensa ya yage, a gyara musu kuskure a gaban jama'a su dawo gobe da sassafe. Ba wanda ya taɓa ce wa malaminsa salonka bai dace da ƙwaƙwalwata ba, kunya ma ba za ta bari ba. Yau darussan duniya na cikin aljihun yaro, amma a yi masa gyara sau ɗaya ya yi fushi ya bar ajin, iyaye kuma su ce a bi shi a hankali.