A daina ɗora wa ƙaddara laifin Makbet

Wannan takardar darasin da ake ta turawa a zaurukan ɗaliban adabi, wadda na san yawancinku kun gani, ta ɓata min rai, kuma ba zan iya haɗiye maganar ba. Mutum ya ɗebo wasannin kwaikwayo na ban tausayi, daga na Girkawa har na Shekisfiya, ya jera su a jadawali, ya rubuta a gaban kowanne cewa jigonsa ƙaddara. Ya gangaro wajen alamci ya ce jini na nufin mutuwa, makanta na nufin nakasa, hadari na nufin tashin hankali. Shi ke nan, ɗalibi ya haddace ya shiga jarrabawa. Jama'a na ta yi masa Allah ya ƙara ilimi, yara kuma na ta kwafewa a littattafansu.

Wannan ba daidai ba ne, malam. Ƙaddara ba ita ce jigon waɗannan wasanni ba. Abin da ya haɗa su shi ne mutum mai iko, idonsa biyu garau, a zo a faɗa masa gaskiya gaba da gaba, ya yi kunnen ƙashi, ya kori mai faɗar ko ya yi masa ƙazafi, sannan ya janyo wa kansa da iyalinsa da ƙasarsa masifa. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho, iyakar maganar ke nan, kuma duk alamomin da ke cikin wasannin a kan wannan aka gina su.

Mu ɗauki Edifus, tunda shi ne kowa ke rugawa wajensa in ana maganar ƙaddara. Sofokilis ya gabatar da wasan a birnin Atina wajen shekara ta 429 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a daidai lokacin da annobar da ta ɓarke a 430 ke cin mutanen birnin. Wasan ma da annoba ya buɗe: talakawan Tebes sun taru a ƙofar fada suna roƙon sarki ya cece su. Aka ce sai an gano wanda ya kashe tsohon sarki Layus. Edifus ya miƙe a gaban jama'a ya tsine wa makashin, ko wane ne. Aka kirawo Tiresiyas mai duba, tsoho makaho, yaro na yi masa jagora. Tsohon nan bai so ya yi magana ba, ya roƙi a bar shi ya koma gida. Edifus ya matsa masa har ya fusata shi, sai ya ce to kai ne wanda kake nema. Me sarki ya yi? Ya tsaya ya yi tunani? Ya gorar wa tsohon makantarsa, ya ce masa makaho ne a ido da kunne da hankali, ya ce surukinsa Kiriyon ne ya saye shi don a ƙwace masa gadon sarauta. Tsohon ya amsa masa da cewa kai kana da ido amma ba ka ga halin da kake ciki ba. A ƙarshen wasa, bayan Jokasta, matarsa da ashe mahaifiyarsa ce, ta rataye kanta, Edifus ya zare allurorin zinaren da ke riƙe da tufafinta ya tsone idanunsa da hannunsa.

Yanzu ku gaya min, a cikin wannan wasan wa ke gani? Makahon ne kaɗai ya san gaskiya tun farko, mai idon kuma bai gane kansa ba sai ranar da ya rasa idon. Wanda ya karanta wannan ya fito ya ce makanta na nufin nakasa, wallahi ya cuci yaran da ke sauraronsa.

Na san abin da za a ce, an riga an rubuto min shi ma: ai tun kafin a haife shi bokayen Delfi suka faɗi cewa zai kashe ubansa ya auri uwarsa, to ina zaɓi a nan? Ku koma ku karanta. Tun yana Korint, a gidan sarkin da ya rene shi, wani mashayi ya jefe shi da maganar cewa ba ɗan gidan ba ne, kuma maganar ta tsaya masa a rai, ita ce ma ta kai shi Delfi. Ke nan yana da shakka a kan ko su wa suka haife shi. Mutumin da ke ɗauke da wannan shakkar, aka kuma gaya masa zai kashe ubansa, sai ga shi a mararrabar hanyoyi uku ya haɗu da dattijo a kan karusa, ashe sarki Layus ne, aka yi gardamar wa zai kauce wa wani, ya kashe dattijon da mutanensa, mutum ɗaya ne ya tsira. Da ya isa Tebes aka ba shi matar marigayin, wadda ta isa ta haife shi, ya aura. Mararrabar nan da Sofokilis ya yi ta nanatawa, me ya sa ba miƙaƙƙiyar hanya ɗaya ya sa ba? Mararraba wurin zaɓi ce. Zuciya ce ta ɗebe shi a wurin, irin zuciyar da muka gani da idonmu a kan dandamali lokacin da yake zagin tsoho makaho.

Antigoni ta fi wannan fitowa fili, domin a cikinta ba wanda aka yi wa duba tun yana ciki. Kiriyon ya hau mulki ya kafa doka cewa kada a binne gawar Folinaikis, a bar wa karnuka da tsuntsaye. Antigoni ta je ta watsa wa ɗan'uwanta ƙasa, aka kama ta. Ɗan Kiriyon na cikinsa, Haimon, wanda shi ne zai aure ta, ya zo cikin ladabi ya gaya wa mahaifinsa abin da mutanen gari ke faɗa a ɓoye, ya ba shi misalin bishiyoyin bakin rafi, masu lanƙwasa su tsira in ruwa ya kawo, masu taurin kai a tumɓuke su. Uban ya ce yaro ba zai koya masa mulki ba. Tiresiyas ɗin nan dai ya sake zuwa da gargaɗi, Kiriyon ya ce kuɗi aka ba shi, daidai da ƙazafin da Edifus ya yi masa. Ku dubi alamar da aka kafa wasan a kanta: matacce an bar shi a sarari, mai rai an rufe ta a kogo. Sarki ya juya tsarin duniya, na ƙasa ya koma sama, na sama ya koma ƙasa, kuma tsohon ya faɗa masa haka ƙarara. Ko da ya saduda, sai da ya tsaya binne gawa tukuna kafin ya nufi kogon. Ya tarar ta rataye kanta, ɗansa ya kashe kansa a gabansa, matarsa ta ji labari ita ma ta bi. Ɗansa ya yi masa magana, mai duba ya yi masa magana, har 'yan amshi sun yi masa. Ina ƙaddara a cikin wannan?

Shekara kusan dubu biyu bayan nan, a Ingila, wajen 1606, Shekisfiya ya rubuta Sarki Liya, sai ga ido ya sake dawowa. Tsohon sarki ya raba ƙasa bisa wadda ta fi iya daɗin baki cikin 'ya'yansa, ya kori Kodeliya da ta ƙi yi masa ƙarya. Hakiminsa Kent ya tsaya a gabansa ya ce ranka ya daɗe ka duba da kyau, aka kore shi daga ƙasar. A gefe guda ga Gulosta, wanda ya gaskata wasiƙar jabu ya kori ɗansa na kirki. Aka ƙwaƙule masa ido biyu a kan dandamali, a gaban 'yan kallo, kuma a wannan lokacin ne ya ji wanda ya bashe shi. Daga baya da bakinsa ya ce sa'ad da yake gani ne ya yi tuntuɓe. Hadarin da aka ce wai tashin hankali kawai yake nufi, a tsakiyarsa ne Liya, ruwa na dukansa, ba fada ba dogari, ya fara tuna talakawa marasa sutura da ke kwana a irin wannan dare, ya ce ashe bai kula da su yadda ya kamata ba. Sai da ruwa ya wanke masa sarauta sannan ya ga mutanen da ya mulka. Wannan wurin ne ya kamata a tsaya da ɗalibi a kai, a bar shi ya yi shiru ya ji abin a jikinsa.

Makbet kuwa, shi ne ya fi ƙona min rai da na ga an rubuta masa ƙaddara. Mayun nan uku cewa suka yi zai zama sarki. Ba su ce ya kashe kowa ba. Banko na tsaye kusa da shi, shi ma an yi masa albishir cewa zuriyarsa za ta yi sarauta, bai zare wuƙa ba, har ma ya gargaɗi abokinsa cewa 'yan duhu kan faɗi gaskiya ƙarama don su ja mutum ga halaka. Makbet da kansa ya tsaya ya lissafa dalilan da suka hana a taɓa Dankan: ɗan'uwansa ne, sarkinsa ne, kuma baƙonsa ne da ke barci a ƙarƙashin rufinsa. Ya san komai, ya shiga ɗakin. Da ya fito ya dubi hannunsa ya ce ruwan teku duka ba zai wanke jinin nan ba, sai dai tekun ya rine. Matarsa ta ce ɗan ruwa kaɗan ya isa. Ku bi wannan ruwan da wannan jinin har kashi na biyar, inda matar ke tafiya cikin barci da kyandir, tana murza hannun da babu komai a kansa, tana cewa duk turaren ƙasar Larabawa ba zai kawar da ƙarnin ba. Dankan ya daɗe a kabari a lokacin. In jini mutuwa yake nufi, me take wankewa? Alhaki ne, alhakin da ya manne wa mai shi ya hana shi barci.

Otelo ma haka ne a taƙaice. Ya ce sai ya gani da idonsa, aka nuna masa ƙyallen hannu, ya ɗauke shi hujja. Emiliya da ke tare da Desdemona kullum ta rantse masa cewa matarsa ba ta ci amanarsa ba, ya ce kawaliya ce.

Wanda ya ce wannan fassarata ce ni kaɗai, ya je ya duba Ola Rotimi. A 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, ya ɗauko labarin Edifus ya mayar da shi ƙasar Yarbawa, aka nuna shi a Ife. Sarki Odewale, makaho Baba Fakunle, duk suna nan. Dattijon da Odewale ya kashe a gona, saboda ya yi wa ƙabilarsa ba'a ne ya kashe shi. Sunan wasan kansa cewa yake yi ba laifin alloli ba ne. Marubucin ya sa amsar a bangon littafi, amma an samu mai rubuta masa ƙaddara.

Masu cewa ai jarrabawa ce kawai, yara su ci su wuce, ban karɓi wannan ba. Masu kawo Romiyo da Juliyet da taurarinsu ma haka, su karanta fitowar ƙarshe su ji wa basaraken garin ya ɗora wa laifi, gabar iyaye ce.

Abin da ya sa nake ta nanata wannan magana shi ne mu Musulmi ne, mun yi imani da ƙaddara mai kyau da marar kyau, amma addininmu bai taɓa mayar da ita mafakar mai sakaci ba. Lokacin da Sayyadina Umar ya juya da jama'a daga hanyar Sham saboda annoba, aka tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya ce daga ƙaddarar Allah muke gudu zuwa ƙaddarar Allah. A Suratul Hajji, aya ta 46, an gaya mana cewa ba idanu ne ke makancewa ba, zukatan da ke cikin ƙiraza ne. Yaron da ya tashi da wannan a allonsa ya fi kowa cancantar ya gane Tiresiyas da Gulosta. Sai mu ɗauke shi mu koya masa cewa in masifa ta auku ba mai laifi. Shi ne gobe zai ga an cika kwalekwale fiye da ƙima, an yi wa matuƙi magana ya ƙi ji, mutane sun nutse, ya ce haka Allah ya nufa ya kama gabansa. Shi ne zai zama shugaban da in an kawo masa gaskiya zai tambayi wa ya biya mai kawowa. Mutanen Atina da suka zauna dubbai a gangaren dutse suna kallon sarki na faɗuwa, an tara su ne don su koma gida su auna kansu da masu mulkinsu.

Wani abin da ke damuna ma, mafi yawan yaran nan ba su taɓa ganin ko ɗaya daga cikin wasannin a kan dandamali ba, taƙaitawa kawai suke karantawa, cikin Turancin da suke fama da shi. Juliyas Nyerere yana riƙe da mulkin ƙasarsa Tanganyika (Tanzaniya ta yanzu) ya zauna ya fassara Juliyas Siza zuwa Suwahili, aka buga a 1963. Mu ma marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya yi mana Daren Sha Biyu, amma wancan na raha ne. Ina son in ga Antigoni da Hausa, da 'yan amshi na gaske, dattawan fada da rawunansu, da kalangu a gefe. Ɗaliban sashen Hausa da na wasan kwaikwayo da ke neman abin rubuta kundi, ga aiki nan. Duk mai kwafin Daren Sha Biyu kuma da zai iya ba ni aro, ya yi min magana ta akwatin saƙo, ina so in ga yadda malam ya bi da waƙoƙin ciki.