Ceto kyauta ne, amma aikin kowa sai ya bi ta wuta

'Yan'uwana cikin Almasihu, akwai maganar da ta daɗe tana ci mini rai game da yadda muke koyar da tsarki a majami'unmu, yau dai sai na amayar da ita.

A wurare da yawa in ka ji an ce wane mutumin Allah ne, abin da ake nufi shi ne ba ya shan giya ko burkutu, ba ya shan taba, matarsa tana ɗaura ɗankwali, kuma ba ya fashin sujada ran Lahadi. Ban raina ko ɗaya ba, giya ta rusa gidaje da yawa a garuruwanmu kowa ya sani. Amma wannan mutum da muke yabo, bi shi kasuwa ka duba mudun da yake awo da shi, tambayi yarinyar da ke aiki a gidansa wata nawa ba ta ga albashinta ba, shekara da shekaru ba ya ga maciji da ƙanensa a kan gonar gado amma su biyun suna karɓar Jibin Ubangiji a majami'a ɗaya, ba wanda ya ce uffan. Yarinya ta yi ciki, nan da nan an karanta sunanta an sa ta ƙarƙashin horo, dattijon da ya taɓa kuɗin ginin coci kuwa sai a ce a rufa asiri don kar sunan ikilisiya ya ɓaci. Wannan abu yana sa ni baƙin ciki sosai.

Ku buɗe Galatiyawa sura 5. Manzo Bulus ya jera ayyukan jiki, kuma a layi guda ya sa fasikanci da buguwa tare da gaba, jayayya, kishi, fushi da tsattsaguwa. Mu ne muka zaɓi waɗanda ido ke gani muka kira su zunubi, sauran muka ce hali ne kawai, haka Allah ya yi shi.

Kar wani ya ce ina wa'azin ceto ta wurin ayyuka. Sam. Afisawa 2:8-9 a fili take, ta wurin alheri aka cece mu, ta bangaskiya, kyautar Allah ce. Ɓarawon nan da aka gicciye kusa da Yesu bai yi baftisma ba, bai ba da zakka ko sau ɗaya ba, aka ce masa yau zai kasance a Firdausi. Amma me ya sa muke tsayawa a aya ta 9? Ta 10 ta ce an halicce mu cikin Almasihu domin kyawawan ayyuka. Barata, wato Allah ya karɓe ka a matsayin marar laifi, lokaci ɗaya ce, ranar da ka ba da gaskiya. Tsarkakewa kuwa aikin Ruhu Mai Tsarki ne da yake yi a hankali har ranar da za a sa ka a kabari, kuma yana yinsa ne a kan harshenka da aljihunka da yadda kake riƙe wanda ya ɓata maka.

To ga batun lada, nan ne na fi jin tsoro. A 1 Korintiyawa 3 Bulus ya ce harsashi ɗaya ne, Yesu Almasihu, amma kowa ya lura da abin da yake ɗorawa a kai, wani zinariya da azurfa da duwatsu masu daraja, wani itace da ciyawa da kara, wuta za ta gwada aikin kowa. Wanda nasa ya tsaya zai sami lada, wanda nasa ya ƙone zai yi hasara, shi kansa zai tsira amma kamar wanda aka fizgo daga gobara. Da masu bi yake magana fa, ba da na waje ba. Mutum na iya shiga sama hannu rabbana bayan shekara arba'in yana waƙa a kwaya.

Mu kuma yau mun sauko da lada ƙasa. Ana ce maka ka shuka iri, wato ka ba da kuɗi a coci, ka girbe mota, ka shuka iri ka sami biza. A wajen loncin, wato taron tara kuɗi, a kira sunanka da lasifika, a faɗi nawa ka bayar, a tafa. Ubangiji ya riga ya faɗa a Matiyu 6 cewa masu bayarwa don mutane su gani sun riga sun karɓi ladansu, tafin nan shi ke nan.

Ku tuna Walter Gowans da Thomas Kent, da suka sauka Legas tare da Rowland Bingham a 1893 don kawo bishara ƙasarmu. A 1894 duk su biyun suka rasu, Gowans a Girku, Kent a Bida, ba su gina majami'a ko ɗaya ba. A ma'aunin masu wa'azin arziki sun faɗi warwas. Daga wannan aiki ne ƙungiyar mishan ta SIM ta tsaya, ikilisiyar ECWA ta fito a 1954, asibitin Galmi a Nijar yana nan yana aiki har yau. Ni na gaskata ladansu ba a kan yawan abin da ya biyo baya yake ba, a kan amincinsu yake, ko da ba abin da ya tsiro. Haka ma iyayenmu na zumuntar mata da ke kai wa gwauruwa tuwo, su kwana asibiti da marar lafiyar da ba danginsu ba, ba mai kiran sunansu a bagade, amma Matiyu 10:42 ta ce ko kofin ruwan sanyi ladansa ba zai ɓace ba.

Roƙona ga iyayenmu fastoci da dattawa, don Allah ku dawo mana da koyarwar 2 Korintiyawa 5:10 a nazarin Littafi Mai Tsarki da ajin baftisma, matasa su san kowa zai tsaya gaban kursiyin shari'ar Almasihu. In za a yi horo a yi wa mai kuɗi da talaka daidai. Loncin kuma a daina karanta adadi, a sa akwati kowa ya jefa nasa.