Wa ya buɗe musu fayil? Ra'ayina kan wasannin leƙen asiri da muke kallo a Gadarif

Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk wanda ya zauna a Gadarif, a gabashin Sudan, tun bayan da yaƙi ya koro mana jama'a daga Hartum da Madani da Sinja ya san cewa sana'ar tura finafinai a waya ta samu kasuwa. Za ka tarar da saurayi zaune a ƙarƙashin rumfa, da tsohuwar kwamfuta a cinyarsa, da batirin sola a gefen ƙafarsa, wayoyi a jere a kan tebur kowacce da igiyarta, masu su kuma suna tsaye suna faɗin abin da suke so a zuba musu. Intanet ta yi tsada kuma ba ta da tabbas, saboda haka wannan rumfa ita ce gidan talabijin ɗin unguwa. Na lura cewa idan aka cire wasannin tarihi na Turkiyya, abin da matasanmu suka fi nema shi ne musalsal, wato wasa mai dogon zango, na leƙen asiri, wanda aka yi da Ibrananci ko Farisanci ko Turanci ko Turkanci, ana bin fassarar Larabci a ƙasan allo. Ra'ayina shi ne muna kallon waɗannan wasanni kamar an tona mana wani asiri, alhali hukumar leƙen asiri ba ta buɗe fayil sai wanda take son a gani, kuma wanda bai tambayi wa ya shirya wasan, da kuɗin wa, a wace ƙasa, domin wane mai kallo ba, ya sha magani ne bai karanta takardar da ke jikin kwalbar ba.

Manyanmu sun san inda abin ya samo asali. A 1988 gidan talabijin na Masar ya fitar da kashin farko na Ra'afat al-Hajjan, wanda Salih Mursi ya rubuta, Yahya al-Alami ya ba da umarni, makahon makaɗin nan Ammar al-Shari'i ya tsara kiɗan da har yau wasu ke sa shi ƙarar shigowar kira. Mahmud Abdul'aziz ne jarumin, ina nufin ɗan wasan Masar, kada matasa su ɗauka Hut ne, mawaƙinmu na Sudan mai irin wannan suna, Allah Ya jiƙansu duka biyun. Labarin ya fara ne da wani attajiri a Jamus wanda, yana kan gadon mutuwa, ya shaida wa matarsa cewa shi Bamisire ne Musulmi, ba Bayahuden da ta sani ba, sai matar ta taso har Alƙahira tana neman gaskiya, wani jami'i ya zauna yana warware mata zaren. A wancan zamani gidan da ke da talabijin a unguwa shi ne dandali, ana fito da akwatin tsakar gida a shimfiɗa tabarmi, kuma ba wanda ya taɓa kawo wa ransa cewa a cikin abin da ake nunawa akwai wanda aka ƙara ko aka rage.

To amma a duba yadda aka gina labarin. Mai ba da shi a cikin wasan jami'in hukumar leƙen asirin Masar ne, kuma a wajen wasan ma hukumar ce ta ba marubucin abin da ya rubuta daga fayilolinta. Mutumin na gaskiya sunansa Rif'at al-Jammal, an haife shi a Dimyaɗ a 1927, ya zauna a Isra'ila da sunan Jak Biton yana tafiyar da kamfanin yawon buɗe ido a Tel Abib, ya rasu a Jamus a 1982. Masar ta ce ya yi mata aiki shekara 17 ba a gano shi ba. 'Yan jarida da tsofaffin jami'an Isra'ila kuwa sun ce tun da wuri aka kama shi aka juya shi, kuma ta hannunsa aka riƙa aika wa Alƙahira bayanan ƙarya kafin yaƙin 1967. Kowane ɓangare yana da dalilin faɗin abin da ya faɗa, kuma takardun da za su raba gardamar suna kulle a hannun masu gardamar. Abin da ba ya buƙatar takarda shi ne cewa Masar ta yi wasan ne domin al'ummar da har lokacin ba ta warke daga kunyar 1967 ba, kuma ya yi mata maganin da aka yi shi dominsa.

A 2019 Netflix ta fitar da The Spy, kashi shida, wanda Gideon Raff ya shirya a kan Eli Kohen, ɗan leƙen asirin Isra'ila a Siriya, kuma wanda ya kalli biyun zai ga zubi ɗaya ne aka juya masa fuska. Shi ma Kohen haifaffen Masar ne, a Iskandariyya, ya shiga Dimashƙa da sunan Kamil Amin Sabit, ɗan kasuwan da ya dawo daga Ajantina, har aka gano shi aka rataye shi a dandalin Marja ranar 18 ga Mayu, 1965. A nan manyan Siriya ne sakarkaru masu son sharholiya, kamar yadda manyan Isra'ila suke a wasan Masar. Amin al-Hafiz, wanda ya shugabanci Siriya a lokacin, ya musanta a bainar jama'a cewa akwai abota tsakaninsa da Kohen, amma wasan ya nuna su kamar aminai. Dimashƙar da ake gani a ciki kuma Maroko ce, mutanen cikinta suna magana da Turanci. Haka Tehran, wanda tashar Kan ta Isra'ila ta fitar a 2020, a Atina babban birnin Girka aka ɗauke shi. Ba na ganin laifinsu a kan wannan, domin ba za a bar su su kafa kyamara a Iran ba, amma mai kallo ya sani cewa birnin da ya ke gani zanen abokin gabarsa ne. A 2015 ma masu shirya Homeland na Amurka sun ɗauki wasu masu zane su rubuta Larabci a bangon wani sansanin 'yan gudun hijira da aka gina a Balin, masu zanen suka rubuta cewa wasan na wariyar launin fata ne, kuma aka watsa shi a haka domin ba wanda ya iya karantawa a cikin masu duba aikin.

Fauda ya fi waɗannan duka wuyar sha'ani, kuma shi ne ya fi jan matasanmu. Lior Raz da Avi Issacharoff ne suka ƙirƙire shi, ya fara a Isra'ila a 2015, Netflix ta ɗauka a 2016. Raz, wanda kuma shi ne jarumin, ya yi aikin soja a rundunar da ke shiga garuruwan Falasɗinawa cikin shigar Larabawa, wato labarin sana'arsa yake bayarwa. Larabcin cikinsa na gaske ne, Falasɗinawan ciki suna da uwaye da bukukuwan aure da hawaye, kuma da kashi na huɗu ya fito a Netflix a Janairun 2023 shi ne ya hau saman jerin abin da aka fi kallo a dandalin a Lebanon. Wani ɗan yayata da ya haɗiye wasan gaba ɗaya ya ce mini, "Kawu, ai wannan ya yi adalci, har laifin Yahudawan ma ana nunawa." Na ce masa ya koma ya duba gidan wa kyamara ke kwana, kuma idan an kashe mutum, mutuwar wa ake ba mu lokaci mu yi juyayi, ta wa kuma ke wucewa kamar ƙiftawar ido. Gwanintar wasan ita ce ya yarda sojansa ya yi kuskure, ya yi zalunci ma, muddin kai mai kallo kana tsaye a bayan kafaɗarsa kana fatan ya tsira. Wanda ke zagin mamaya da rana, ya kwana yana addu'ar kada a kama Doron, jarumin wasan, ya cancanci a yi nazarinsa fiye da wasan kansa.

Na Turkiyya ba sai na daɗe a kai ba. Wadi al-Zi'ab ya zo mana da Larabcin Sham har jaruminsa Polat Alemdar ya koma Murad Alamdar, Teshkilat kuma tashar gwamnati ta TRT ce ta fitar da shi a 2021 domin ɗaukaka hukumar leƙen asirin ƙasar. Masu cewa wasa wasa ne su tuna cewa a Janairun 2010 mataimakin ministan harkokin wajen Isra'ila, Danny Ayalon, ya kira jakadan Turkiyya ya zaunar da shi a kan gajeriyar kujera a gaban 'yan jarida saboda abin da aka nuna a Wadi al-Zi'ab, har sai da ya nemi gafara daga baya.

Inda abin ya taɓa mu kai tsaye shi ne labarin Arus. A farkon shekarun 1980 jami'an Mossad, hukumar leƙen asirin Isra'ila, suka karɓi hayar wani wurin shaƙatawa mai suna Arus da Italiyawa suka gina a bakin Bahar Maliya, kimanin kilomita 70 arewa da Bur Sudan, suna karɓar Turawa masu ninƙaya da rana, da dare kuma suna kwasar Yahudawan Habasha daga sansanonin 'yan gudun hijira na yankinmu zuwa gaɓar teku. Daga ƙarshen 1984 zuwa farkon 1985 kuma aka kwashi kusan mutum 8,000 ta filin jirgin Hartum da sanin gwamnatin Numeiri, abin da ya sa bayan boren Afrilun 1985 aka gurfanar da mataimakinsa, Umar Muhammad al-Ɗayyib, gaban kotu aka ɗaure shi. Sansanin Tawawa yana nan a gefen garin nan, kuma manyan motocin sun bi hanyar da muke bi zuwa Kassala. Shi dai Gideon Raff ɗin ya mai da labarin fim a 2019, The Red Sea Diving Resort, aka ɗauke shi a Afirka ta Kudu da Namibiya, Ba'amurke ya fito a matsayin mugun kanar ɗin Sudan. Ɗan Sudan a cikinsa ko dai soja ne mai kisa, ko ma'aikaci mai jiran na goro, ko bawan Allah da ake wasa da hankalinsa bai sani ba. Su kansu Habashawan da suka tako da ƙafa daga yankin Gondar, dubbai suka mutu a hanya da cikin sansanoni, an mai da su taron jama'a a bayan jarumi. Na ga matasan Gadarif suna kallon wannan fim suna tafa wa jarumin, ba su ma gane cewa garinsu ake nufi ba, kuma ba zan zarge su ba tunda ba wanda ya taɓa ba su labarin da bakinmu.

Akwai kuma abin da ya fi damuna, wanda masu shirya wasannin ba su yi tunaninsa ba domin ba mu ne suke yi wa ba. Kowane wasan leƙen asiri yana koyar da darasi guda, cewa maƙiyi yana kama da kai, yana sallah a sahunka, kuma ana gane shi ne ta harshensa idan ya zame, ko ta yaren da yake yi idan ya shiga gida. A ƙasar da ke zaune lafiya wannan nishaɗi ne. A ƙasar da ake tsayar da mota a shingen bincike a karɓi wayarka a karanta saƙonninka, inda kowane ɓangare na yaƙi ke farautar wanda yake kira muta'awin, wato mai haɗa baki da abokan gaba, darasin yana iya cin rai. Mu kuwa mutane ne masu Larabci a kasuwa da Hausa a gida, da dangi a Kano da Maraɗi da Makka, waɗanda kakanninsu suka kafa Mai Wurno fiye da shekara ɗari da suka wuce amma har yau wasu ke tambayarsu daga ina suka zo. Bayan rikicin ƙabilancin da ya rutsa da Hausawa a Damazin da Rusairis a 2022, bai kamata yaronmu ya zama shi ne mai saurin cewa wane ɗan leƙen asiri ne don ya ga baƙuwar fuska a layin burodi ba. Na ji yara suna faɗin haka cikin wasa a kan wani ɗan gudun hijira mai yawan shiru, kuma na san daga allon waya suka ɗauko salon maganar.

Ba na kira da a hana kallo, domin hani ba ya aiki a kan katin waya, kuma wasu daga cikin wasannin nan an yi su da ƙwarewar da ta isa a koya. Abin da nake so shi ne ɗalibanmu da ke Jami'ar Gadarif, da waɗanda suka karanta aikin jarida ko harsuna, su ɗauki abin a matsayin fagen bincike. Su zauna da masu rumfunan tura fim su ji wanne ake nema, su wa ke nema, wanne ake gogewa tun ba a kai rabi ba. Su kwatanta fassarar Larabcin da ke ƙasan allo da abin da aka faɗa, domin mai fassara yakan zaɓi ya kira mutum ɗan ta'adda ko ɗan gwagwarmaya, kuma da yawa daga fassarorin da ke yawo a wayoyinmu ba a san wanda ya yi su ba. Wannan tambaya za ta ƙara nauyi ganin yadda masu fassara finafinai zuwa Hausa a Najeriya suka wuce na Indiya suka shiga na wasu ƙasashe, kuma aikinsu yana isowa har nan, inda tsohuwar da ba ta karanta rubutun ƙasan allo za ta ji jami'in wata ƙasa yana magana da harshen ɗakinta. Sannan su ɗauki waya su je wurin dattawan da suka yi dako ko tuƙin lori ko aikin gonakin riɗi da dawa a kewayen Tawawa a shekarun 1980, su naɗi abin da suka gani da idonsu, domin yawancinsu sun manyanta yanzu.